Yadda Ake Cire Asarar Ƙaramar Sana'ar Gida Daga Haraji a Amurka

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna Amurka, tun daga Bronx da Harlem har zuwa Greensboro da Houston, suna da aikin albashi, sannan suna da wata 'yar sana'a da suke taɓawa a gida idan sun tashi daga aiki. Wata tana ɗinki, wata tana haɗa turaren wuta da humra, wani yana sayar da shadda da huluna ta intanet, wani kuma yana gyaran wayoyi. A shekarun farko ba kasafai irin wannan sana'a take mayar da abin da aka zuba mata ba, shi ya sa idan lokacin cike takardun haraji ya ƙarato, kafin ranar 15 ga Afrilu, ake yawan tambaya ko za a iya cire asarar daga harajin albashi. Za a iya, amma da sharuɗɗa, kuma akwai kaso ɗaya na kuɗin da aka kashe, wato na ɗakin da ake sana'ar a cikinsa, wanda doka ta hana a ƙara girman asara da shi. Bayanin da ke tafe ya shafi harajin gwamnatin tarayya ne, domin kowace jiha tana da nata tsarin.

Wanda yake sana'a shi kaɗai, ba tare da abokin tarayya ba, yana rubuta cinikinsa da kuɗin da ya kashe a fom ɗin da ake kira Schedule C, wanda ake haɗawa da babban fom na 1040. Idan kuɗin da aka kashe ya zarce na ciniki, layi na 31 zai nuna asara, kuma wannan asarar tana rage jimillar kuɗin shigar da za a ɗora wa haraji, har da albashin da ke rubuce a takardar W-2. Ya kamata a fahimci girman amfanin tun da wuri, domin mutane da dama suna zaton gwamnati za ta mayar musu da duk abin da suka rasa. Mutumin da harajinsa yake matakin kashi 12 cikin 100, idan ya yi asarar dala 1,000, abin da zai ragu daga harajinsa dala 120 ne, sauran dala 880 kuwa sun fita daga aljihunsa ke nan.

Sana'a ce ko abin sha'awa?

Wannan ita ce tambayar farko da hukumar tara haraji ta IRS take yi, kuma komai ya rataya ne a kanta. Sashe na 183 na dokar harajin tarayya ya bambanta tsakanin abin da mutum yake yi don neman riba da abin da yake yi don jin daɗin ransa. A shari'ar Groetzinger ta shekarar 1987, Kotun Ƙolin Amurka ta bayyana cewa kafin a kira abu sana'a, sai mai shi yana yin sa a kai a kai ba tare da yankewa ba, kuma babban burinsa shi ne samun kuɗi ko riba. Dokar ba ta hukunta kowa saboda ya yi asara; abin da take nema shi ne alamar cewa da gaske riba ake nema.

Idan aka yanke cewa abin sha'awa ne, hukuncin yana da tsauri. Tun daga shekarar 2018, bayan gyaran dokar haraji na 2017, mai abin sha'awa dole ne ya bayyana kuɗin da ya samu, amma ba shi da damar cire kuɗin talla, na mota, na intanet da makamantansu. An tsara wannan hani ne ya ƙare a 2025, sai dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta mayar da shi na dindindin. Abin da kawai ya rage masa shi ne cire ainihin kuɗin da ya sayo kayan da ya sayar.

Akwai wata ƙa'ida da ake yawan jin ta a gurguje, har ta zama abin tsoro. Idan sana'a ta yi riba a shekaru 3 cikin 5 da suke jere, doka tana ɗaukar cewa ta neman riba ce, kuma nauyin kawo hujjar akasin haka ya koma kan IRS. Mutane da yawa sun juya maganar, suna cewa duk wanda ya yi asara shekara uku an rufe masa ƙofa. Ba haka ba ne. Wanda bai cika wannan sharaɗi ba, abin da ya rasa kawai shi ne wancan sassauci, sai ya zama shi ne zai tabbatar da niyyarsa da hujja. Dokokin ma'aikatar kuɗi sun kawo abubuwa tara da ake aunawa, daga ciki akwai yadda ake tafiyar da harkar, ilimin mai ita ko na waɗanda yake neman shawararsu, lokacin da yake ba ta, tarihin riba da asara, ƙarfin sauran kuɗin shigarsa, da kuma yawan nishaɗin da ke cikin abin. Babu ɗaya daga cikinsu da yake yanke hukunci shi kaɗai.

A ganina, wanda ya fi nauyi a aikace shi ne na farko, kuma shi ne wanda yake hannun mai sana'a. A buɗe wa sana'ar asusun banki nata na daban, ko da ƙarami ne, a daina biyan kuɗin yadi da kuɗin cefane daga kati ɗaya. A riƙe littafin ciniki, ana rubuta kwanan wata, abin da aka sayar da kuɗinsa. A nemi rajista ko lasisin da birni ko jiha ta tanada. Sama da duka, idan shekara ta ƙare da asara, a canza wani abu, kuma a rubuta abin da aka canza: an ƙara farashi, an bar kayan da ba sa tafiya, an sauya dilan da ake saro kaya a wurinsa, an rage kuɗin aika kaya. Mai bincike yana ganin bambanci ƙarara tsakanin wanda asara ta dame shi har ya motsa, da wanda yake maimaita abu ɗaya shekara da shekaru ba tare da ya damu ba saboda albashinsa yana rufa masa asiri. Akwai fom na 5213 da yake ba sabon mai sana'a damar jinkirta hukuncin ko harkarsa sana'a ce ko abin sha'awa har ya cika shekara biyar, sai dai yana tsawaita wa'adin da hukumar za ta iya komawa ta binciki waɗannan shekaru, don haka bai kamata a cike shi ba sai da shawarar masani.

Abin da ake cirewa ko da ana asara

Ma'aunin da doka ta sa shi ne kuɗin ya zama irin wanda aka saba kashewa a wannan sana'a, kuma yana da amfani gare ta. Zare, allura, kwalabe, leda da kwali, kuɗin gidan waya, kason da Etsy ko PayPal suke cirewa, tallar da aka biya a Facebook ko Instagram, kuɗin lasisi, inshorar sana'a, duk waɗannan ana cire su gaba ɗaya, kuma su ne suke iya haifar da asarar da za ta rage harajin albashi. Wayar hannu da intanet kuwa, tun da ana amfani da su a harkar gida ma, sai a ƙiyasta kason sana'a bisa gaskiya a cire shi kaɗai. Keken ɗinki ko kwamfutar da kuɗinta bai wuce dala 2,500 ba ana iya cire ta a shekarar da aka saye ta, idan aka haɗa 'yar takardar zaɓin hakan da fom ɗin haraji. Kuɗin da aka kashe kafin a buɗe sana'ar, kamar na binciken kasuwa da tallar farko, ana cire har dala 5,000 a shekarar da aka fara, sauran kuma a raba su a kan watanni 180. Wanda bai fara sayarwa ba tukuna, yana ta shiri ne kawai, ba shi da abin cirewa har sai ya buɗe.

Kayan sayarwa suna da nasu hukunci, kuma a nan ne 'yan kasuwarmu suka fi yin tuntuɓe. A bisa ƙa'ida, kuɗin kaya ana cire shi ne lokacin da aka sayar da kayan. Wadda ta saro atamfa turmi 40, ta sayar da 15 kafin ƙarshen Disamba, kuɗin 15 ɗin za ta cire, sauran 25 da ke cikin akwati suna jiran shekarar da za su fita. Idan ta ɗauki turmi biyu ta ɗinka wa kanta da 'yarta kayan Sallah, sai ta fitar da kuɗinsu daga lissafi, kuma fom ɗin kansa ya tanadi wurin hakan a layi na 36. Bashi ma yana da tarko. Yawancin ƙananan masu sana'a suna rubuta ciniki ne ranar da kuɗi ya shigo hannu, saboda haka idan maƙwabciya ta karɓi ɗinki ba ta biya ba, ba a rubuta kuɗin a matsayin ciniki ba tun farko, kuma ba za a sake cire shi a matsayin bashin da ya nutse ba. Zubin adashi, kuɗin da ake aika wa iyaye gida, zakka da sadaka, babu ɗayansu da yake shiga Schedule C. Kyautar da aka yi wa abokin ciniki kuwa, dala 25 kacal ake cirewa a kan kowane mutum a shekara.

Mota tana buƙatar kulawa ta musamman. Hanya mafi sauƙi ita ce a lissafa da mil: santi 67 a kan kowane mil a 2024, santi 70 a 2025, ban da kuɗin fakin da na ƙofar hanya da ake ƙarawa a kai. Amma doka ta ware mota da tafiye-tafiye cikin abubuwan da ba a karɓar ƙiyasi a kansu. Sai an nuna rubutu mai ɗauke da rana, wurin da aka je, dalilin zuwa da nisan tafiyar. Ƙaramin littafi a aljihun mota ya isa, in dai ana rubutawa a lokacin, domin lissafin da aka zauna aka tsara a dare ɗaya cikin watan Afrilu yana da wuyar tsayawa a gaban mai bincike.

Tafiya gida kuwa ita ce ta fi jan hankali, tun da kuɗin jirgi ba kaɗan ba ne. Wanda ya je Kano ko Yamai ya yi wata guda wajen dangi, ya leƙa kasuwar Kantin Kwari kwana biyu ya saro kaya, ba zai cire kuɗin tikiti ba, domin asalin tafiyar ta zumunci ce. Abin da zai lissafa shi ne kuɗin kayan, na dako da na aikawa, da abin da ya kashe kai tsaye a kan sarin. Ko da asalin tafiyar ta kasuwanci ce, idan ta wuce mako guda kuma kashi 25 cikin 100 na kwanakin ko fiye sun tafi a harkar kai, akasari sai an raba kuɗin tikitin gwargwadon kwanaki.

Ɗakin sana'a da iyakar da aka sa masa

Sashe na 280A na dokar harajin tarayya ya ba da damar cire wani kaso na kuɗin haya, wuta, gas da inshorar gida, idan akwai wurin da aka keɓe wa sana'a ana amfani da shi a kai a kai, kuma ba a yin komai a wurin sai ita. Ba dole ne ya zama ɗaki mai ƙofa ba, kusurwar falo da aka ware ta wadatar, amma teburin da ake yanka yadi a kansa da rana a ci tuwo a kansa da dare bai cika sharaɗi ba, haka ma ɗakin da baƙi suke kwana a ciki duk lokacin da suka zo. An sassauta wa masu renon yara a gida, da kuma wurin ajiye kayan sayarwa idan gidan shi ne kaɗai tsayayyen wurin kasuwancin. Wanda kuma yake yi wa kamfani aikin albashi daga gida ba shi da wannan dama a kan aikin albashin.

Hanyoyin lissafi biyu ne. Ta sauƙi, wadda aka fito da ita a 2013, tana ba da dala 5 a kan kowane murabba'in ƙafa, har zuwa 300, wato dala 1,500 mafi yawa. Ta asali kuwa ana bin ta ne da fom na 8829, inda ake auna kason ɗakin cikin faɗin gidan, a ɗora shi a kan ainihin kuɗin da aka kashe. Duka biyun suna ƙarƙashin iyaka ɗaya: kuɗin hayar ɗaki da na wuta ba za su wuce ribar da ta rage bayan an cire sauran kuɗaɗen sana'a ba. Idan babu riba, babu abin cirewa a wannan shekara. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne, a hanyar asali abin da ba a samu cirewa ba ana ɗauke shi zuwa shekara mai zuwa, a hanyar sauƙi kuwa ya tafi ke nan.

A ɗauki misalin mai ɗinki da take aikin kula da tsofaffi da albashin dala 42,000 a shekara. Cinikin ɗinkinta dala 6,000 ne, yadin da ya shiga kayan da ta sayar ya ci 3,800, sauran kuɗaɗe kamar talla, aikawa da mota sun ci 2,900. Asararta dala 700 ce, kuma za ta rage albashin da ake ɗora wa haraji zuwa 41,300. Gidan da take haya murabba'in ƙafa 800 ne, ɗakin ɗinkin 120, wato kashi 15 cikin 100. Hayar shekara dala 21,600 ce, wuta da gas 1,200, saboda haka kason ɗakin ya kama dala 3,420. A bana ba za ta cire ko dala ɗaya daga ciki ba. Idan ta bi hanyar sauƙi, dala 600 da lissafi ya ba ta sun ɓace. Idan ta daure ta cike fom na 8829, dala 3,420 suna nan a ajiye. A ce baɗi ta samu ribar dala 5,000 kafin lissafin ɗaki, sai ta cire 3,420 na baɗi, ta ƙara da 1,580 daga ajiyar bara, ribar ta koma sifiri, kuma har yanzu tana da 1,840 na shekara ta gaba. Da a ce an ɗauki ɗinkin nata a matsayin abin sha'awa, da sai ta biya haraji a kan dala 2,200 duk da cewa asara ta yi. Saboda wannan nake ganin duk mai sana'ar da yake asara amma yana sa ran riba, hanyar asali ce ta fi masa, ko da ta fi wahalar cikewa.

Akwai wani amfani na keɓe ɗaki wanda ba ya jiran riba. Idan gida ya cika sharaɗin zama babbar cibiyar sana'a, tafiya daga gida zuwa wurin abokin ciniki, gidan waya ko shagon dila ta zama tafiyar sana'a da ake lissafa mil ɗinta. A ɗauki hoton ɗakin, a zana faɗinsa da tsawonsa a takarda, a ajiye tare da takardar haya.

Abin da asara take ci a wasu wurare

Wannan ɓangare ya fi shafar baƙi irinmu fiye da 'yan ƙasa, kuma masu cike wa mutane fom ba su cika faɗarsa ba. Wanda yake son ɗauko mata, miji ko iyaye, zai cike fom na I-864, inda ake buƙatar kuɗin shigarsa ya kai aƙalla kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na tarayya, kuma takardun harajinsa ake dubawa. Asarar da ta rage masa 'yan ɗaruruwan daloli na haraji tana iya sauke shi ƙasa da wannan ma'auni. Bankunan da suke ba da bashin sayen gida su ma sukan nemi takardun harajin shekara biyu. Haka kuma sana'ar da ribarta ba ta kai dala 400 ba ba a biyan harajin mai zaman kansa na kashi 15.3 a kanta, wanda sauƙi ne a yau, amma ba ta ƙara wa mutum komai a lissafin fanshon Social Security. Wannan ba dalili ba ne na ɓoye kuɗin da aka kashe da gaske, domin doka tana son a rubuta lissafi yadda yake. Dalili ne na ƙin yarda a kumbura shi.

Dole a bayyana duk cinikin da aka yi, ko da kuɗi a hannu aka karɓa, ko ta Zelle, ko da kuwa ba a samu takardar 1099, wadda ake sanar da IRS kuɗin da aka biya mutum da ita, daga kowa ba. Rasit da littafin ciniki a ajiye su aƙalla shekara uku daga ranar da aka miƙa fom, wa'adin kuma yana zama shida idan abin da aka bari ba a bayyana ba ya wuce kashi 25 cikin 100 na kuɗin shigar da aka rubuta. Rasit ɗin shago yana gogewa cikin 'yan watanni, don haka a ɗauki hotonsa ranar da aka karɓe shi. Na kayan da aka saro a gida da naira ko sefa, a rubuta a bayansa canjin dala na wannan rana.

Game da wanda zai taimaka wajen cikewa, shirin VITA na kyauta yana da amfani ƙwarai ga masu ƙaramin ƙarfi, amma masu aikin sa kai na shirin ba sa ɗaukar Schedule C mai asara ko mai lissafin ɗakin sana'a, saboda haka sai an nemi akanta ko wakilin haraji mai rajista. Duk wanda ake biya don ya cike fom dole ne ya sa hannu ya kuma rubuta lambarsa ta PTIN, wato lambar shaidar da IRS take ba masu wannan aiki. Wanda ya ƙi sa hannu, ko ya ce ladansa kaso ne daga kuɗin da za a mayar, ko ya rubuta wa mutum sana'ar da ba ya yi, a tashi a bar masa wurin, ko da ɗan gari ɗaya ne kuma ana haɗuwa a masallaci. Idan aka gano ƙarya, mai fom ɗin ne zai biya harajin da kuɗin ruwa, kuma ana iya ƙara masa tarar kashi 20 cikin 100, sannan maganar haraji tana cikin tambayoyin fom ɗin neman zama ɗan ƙasa. Wanda ya duba takardunsa na baya ya ga an rubuta abin da bai san da shi ba, ko ya ga ya bar kuɗin da ya cancanci cirewa, yana iya gyarawa da fom na 1040-X, kuma idan gyaran na neman a mayar masa da kuɗi ne, yana da shekara uku daga ranar da ya miƙa fom ɗin asali.